Kururuwar Paris kan Shein

Tun da Shein, kamfanin tufafi mai asali daga China, ya buɗe shago a cikin katafaren kantin BHV da ke daura da ofishin magajin garin Paris a watan Nuwamban 2025, manyan Faransa ke ta kumfar baki. Wasu gidajen ɗinki sun kwashe kayansu daga kantin, 'yan siyasa sun yi ca. Dama a watan Yunin 2025 Majalisar Dattawan ƙasar ta amince da ƙudirin hana tallar irin waɗannan tufafi masu arha, tare da tarar da za ta iya kai yuro 10 kan kowace riga nan da 2030. Wannan harkarsu ce. Abin da ya dame ni shi ne masu sharhi, har da namu, da ke maimaita cewa Faransa tana kare "al'adar ado" ne, sai ka ce da almakashi a hannu ake haihuwar Bafaranshe.

Gwamnati ce ta gina sarautar Paris a harkar sutura, da doka da kuɗi. A zamanin Sarki Louis na 14, ministan kuɗinsa Colbert ya tsaya kai da fata kan masaƙun siliki na Lyon, ya shimfiɗa musu ƙa'idojin inganci, ya janyo ƙwararru daga Italiya. Da yadin auduga mai zane daga Indiya ya mamaye kasuwa, mata suka yi masa rubdugu saboda kyau da sauƙin wanki, sai hukuma ta haramta shigo da shi a 1686, daga baya har da saka shi. Haramcin bai ɗage ba sai 1759. Shein na wancan zamani ke nan, kuma maganin da aka yi masa shi ake son maimaitawa yau.

Ko mutumin da ake kira uban ɗinkin ƙasaita na Paris, Charles Frederick Worth, Bature ne ɗan Ingila. Ya buɗe gidansa a 1858, kuma gwanintarsa ta fi ƙarfi a ciniki: ya liƙa sunansa a jikin riga, ya sa mata su saka kayan su zagaya gaban masu saye, ya samu matar Sarki Napoleon na 3 ta zama mai sayen kayansa. A 1945 aka mayar da sunan "haute couture", wato ɗinkin ƙasaita, abin da doka ke karewa, ba mai amfani da shi sai wanda ya cika sharuɗɗa, ciki har da samun ɗakin ɗinki a Paris. Christian Dior da ya girgiza duniya a 1947 da siket mai cin yadi, kuɗin Marcel Boussac ne a bayansa, attajirin masaƙun auduga. Mai masaƙa ya ɗauki nauyin yayin da ke lashe yadi. Ko ɗan tireda ya gane wannan lissafi.

Za a ce ai don muhalli ne da haƙƙin ma'aikata. Madalla. To me ya sa aka tsara ƙudirin yadda zai fi faɗawa kan Shein da Temu, kasuwar intanet mai asali daga China, ya sassauta wa irin su Zara da H&M na Turai? A 2024 wata kotu a Milan ta sa wani reshen Dior ƙarƙashin kulawarta saboda halin da leburori ke ciki a shagunan 'yan kwangilarsa, inda aka gano jakar da ake biyan yuro 53 don haɗa ta ana sayar da ita yuro 2,600. Ban ji an yi zanga-zangar korar Dior daga Paris ba. Ba wanke Shein nake yi ba, tarar yuro miliyan 40 da aka ci shi a 2025 kan rangwamen ƙarya ta dace da shi. Amma idan za a auna, a auna da mudu ɗaya.

Tasirin Paris da ake ta yabo ma, rabinsa aro ne. Yves Saint Laurent, haifaffen Oran ta Aljeriya, ya ɗebo salon Afirka a 1967. A 2019 Dior ya baje kolin atamfa a Marrakesh, wadda aka buga a Uniwax ta Abidjan, kamfanin da a lokacin shi kansa na rukunin Vlisco ne na Holan. Atamfar da uwayenmu ke ɗaurawa zuwa gidan suna ba ta zama "fasaha" a idon jaridun duniya ba sai da Paris ta sa mata hannu. Riba kuwa ta tafi LVMH, rukunin da ya mallaki gidan Dior, wanda cinikinsa ya haura yuro biliyan 86 a 2023.

Mu da muka ga masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007, muka ga Kantin Kwari ya cika da yadin China, bai kamata a ruɗe mu da zancen al'ada ba. Mun sha hana shigo da yadi a takarda, fasa-ƙwauri ya ci gaba, masaƙu ba wuta, manomin auduga ba mai saye. Faransa ta haɗa haramci da jari da horo, ta daɗe a kai. Ma'aikatun cinikinmu su fara da kare sunan rinin Ƙofar Mata da saƙinmu na gargajiya da doka, su ba masaƙun da suka rage wutar lantarki, kafin wani gidan ɗinki na Paris ya riga mu yi musu rajista.