Ranar da make ta ƙaryata ni a gaban jama'a

Waɗanda suka halarci zaman ƙungiyarmu na Asabar a Yamai sun san abin da ya faru, amma tunda kowa yana ba da labarin yadda ya ga dama, ga nawa. Ni ke riƙe da kwafin Lua, yaren kwamfutar da muke koyar da ɗalibai da shi, wato ni ke kula da fayilolinsa na C da kuma Makefile, fayil ɗin umarnin da manhajar make ke bi ta harhaɗa su su zama shirin da kwamfuta za ta iya gudanarwa. Mun zaɓe shi ne saboda ƙanƙantarsa, domin wannan yare da masu bincike uku suka ƙirƙiro a wata jami'a ta Rio de Janeiro a 1993, ko tsohuwar kwamfuta tana harhaɗa shi kafin a sauke shayin farko. Lua 5.4 yana da keɓaɓɓun kalmomi 22, kuma babu continue (kalmar da ke sa shiri ya tsallake zuwa zagaye na gaba a cikin maimaici) a cikinsu, shi ya sa na yi alkawarin ƙara ta a gaban kowa, a ga cewa mai fassara yaren kwamfuta ba aikin aljanu ba ne.

An ɗauke wuta da safe, aka dawo da ita wajen azahar, muka kunna kwamfutar zauren, na fara. Na buɗe llex.h na saka sabon suna a jerin kalmomin, na saka shi a llex.c a daidai gurbi ɗaya, ina bayani da murya mai nauyi cewa idan jerin biyun suka saɓa wa juna, mai fassarar zai riƙa ɗaukar wata kalma a matsayin maƙwabciyarta. Na gyara lparser.c. Har na ɗan dakata don yara su rubuta. Sannan na buga make, na juya ina fuskantar jama'a, hannuwana a baya.

Da na waiwaya, make ta rubuta cewa babu wani aiki da za ta yi. Na ce wa jama'a wannan alama ce ta saurinta. Na gudanar da ɗan shirin gwaji, mai fassarar ya ce akwai kuskuren nahawu a daidai wurin sabuwar kalmar. Na koma lparser.c, na karanta abin da na rubuta a bayyane, harafi bayan harafi, komai daidai. Na sake buga make, ta sake cewa ba ta da aiki. Na ƙara layi marar komai a ƙarshen fayil ɗin na adana, don dai ta ji an taɓa ta, amma ta nace a kan maganarta. A lokacin zauren ya yi tsit, ban da fanka da kuma wata ɗaliba a sahun gaba da ta rufe littafinta a hankali, ta mayar da biro cikin jaka. Wannan biron ya fi komai yi mini ciwo.

A nan ne Mushe ya gyara murya. Ba sai na faɗi wane Mushe ba. Mutumin da ya taɓa rubuta shiri da yaren Pascal a shekarun 1980, kuma tun daga lokacin bai yarda an ƙirƙiro wani abu sabo a duniya ba. Wanda yake zuwa kowane zama da kujerarsa, ya zauna ƙarƙashin fanka, ya kira kowace matsala da suna ɗaya, wato rashin tsari. Shi ne ya taɓa shafe rabin awa yana musu cewa alamar tab da make ke buƙata a farkon layin umarni ƙiren ƙarya ce tawa, alhali haka take tun da Stuart Feldman ya rubuta ta a Bell Labs a 1976. Ya ce: “Ɗana, a goge komai, a sake daga farko.” Na ce: “Ranka ya daɗe, ai amfanin make ke nan, ba ta sake aikin da aka riga aka yi.” Na ma ƙara da bayani, cewa tana kwatanta lokacin da aka gyara fayil na C da lokacin da aka harhaɗa shi, sai na farkon ya fi sabunta take motsawa. Ya ce shi dai bai san wannan ba, a goge.

Wani yaro daga baya ne ya ɗaga hannu ya ce: “Malam, wai yau wace shekara ce?” A kusurwar allon an rubuta 1 ga Janairu 2012. Ƙaramin batirin da ke riƙe agogon kwamfutar ya mutu, ɗaukewar wuta ta mayar da ita baya, kuma babu intanet a zauren da zai daidaita ta. Duk gyaran da na yi, a idon make, ya girmi fayilolin da na harhaɗa a makon jiya da fiye da shekara goma. Ita kuwa ta yi gargaɗi cewa agogo ya karkace, sai dai majigin yana yanke layukan ƙasa, suna sauka a kan siket ɗin bango inda babu mai gani, kuma wanda ya kafa majigin ya san kansa.

Na buga make clean, wato umarnin goge duk abin da aka harhaɗa a baya, na sake buga make, komai ya harhaɗu, continue ta yi aiki yadda na tsara ta tun farko. Aka tafa, amma duk fuskoki suna kallon ƙarƙashin fanka. Mushe ya ɗaga hannu ɗaya yana karɓar gaisuwa, ya ce a zamaninsu haka ake yi.

Yanzu ya aiko a tambaye ni yadda ake samun izinin tura gyara a ma'ajiyarmu ta Git, inda muke adana fayilolin shirin, kuma shugaban ƙungiya bai ce a'a ba. Batirin kuma an ce sai an yi zama a kan kuɗinsa.