Ƙaramar mota, tayar tirela

Wai don Allah wa ya gaya wa samarin Sakkwato cewa ƙaramar motar tsere sai da tayoyin tirela? Mota ta zo da rim mai inci 15, an cire an maka mata 18, taya ta leƙo waje tana watsa wa mutane taɓo, robar kuwa ba kauri kamar silifas. Kowace kwana ƙiiii, taya na gugar bodi. Sitiyari ya yi nauyi, tana zuƙar mai, rami ɗaya a unguwar Mabera rim ya lanƙwashe, mai faci ya rantse bai taɓa ganin irinta ba. In an zo tudun rage gudu kuwa, sai gogan ya karkace ya hau a gicciye, mu na baya muna gasuwa a ranar Afrilu, har mai amalanke ya wuce mu! Tseren ke nan?