Kati a aljihu, magani a kemis

Jama'a wai me yasa a ƙasar nan sai mutum ya tsufa, lokacin da jiki ya fara neman magani kullum, sannan ake zare masa inshorar lafiya? Ma'aikacin gwamnati yayi shekara 35 yana aiki ko ya cika 60, yana cikin tsarin inshorar lafiya na ƙasa (NHIS), kashi 10 cikin ɗari kawai yake biya na kuɗin magani, ranar da ya ajiye aiki shikenan sunansa ya fita, ga fansho ba ya zuwa kan kari, ga hawan jini ga ciwon suga ga ciwon gwiwa duk sun yi sallama lokaci guda. Manomi da ɗan tireda da tsohuwa mai ƙosai kuwa dama ba a taɓa saka su a lissafi ba.

Kuma waɗannan cututtukan ba irin zazzaɓi bane da zaka sha magani kwana uku ka miƙe. Amlodipine na hawan jini da metformin na ciwon suga har ƙarshen rayuwa ake shan su, wani ma sai da allurar insulin. Tunda aka saki naira a 2023, kamfanin magani na GSK ma ya tattara ya daina harka kai tsaye a Najeriya, kuɗin magani ya haukace. Ka tsaya a kemis ka gani, dattijo zai miƙa takarda a faɗa masa kuɗi, yayi shiru, sai yace "a bani na kwana biyar." Wasu su raba ƙwaya biyu, wasu sai kai ya sara suke sha, wasu su koma jiƙe-jiƙe, ƙarshenta shanyewar ɓarin jiki ko ƙoda ta taɓu a fara wankin ƙoda, kuɗin da iyali zasu kashe a sati ɗaya ya ishi maganin shekara.

Za a ce min ai akwai doka. Eh akwai, Buhari ya sa hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) a 2022, ta wajabta inshora kan kowa, har da asusun masu rauni da tsofaffi ke ciki. Jihohi ma sunada nasu, Kano akwai hukumar KSCHMA. To amma ni damuwata ba katin inshora bace, magani ne. Meye amfanin kati idan likita ya duba ka kyauta, ka je ɗakin magani a ce babu, je ka saya a waje? Ghana tun 2003 suka kafa nasu tsarin, wanda ya kai 70 baya biyan kuɗin shekara, abin a yaba ne wallahi, amma su ma da gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci bashinsu sai marasa lafiya suka koma zaro kuɗi daga aljihu.

Ko Amurka da duk arziƙinta sai da ta sha wannan wahalar. Medicare, inshorar gwamnati da aka kafa a 1965, ita take kula da 'yan 65 zuwa sama, amma sai 2006 aka shigo da maganin da ake saya a kemis, kuma dokar ta hana gwamnati yin ciniki da kamfanoni, ka ji fa, mai saye mafi girma an ce kar ya taya. Sai a 2022 zamanin Biden aka gyara, insulin ya koma dala 35 a wata, a 2025 kuma aka sa iyakar dala 2,000 a shekara kan abin da tsoho zai kashe wa magani daga aljihunsa.

Mu bama buƙatar wani dogon turanci. A zaɓi magungunan hawan jini da suga da asma guda kaɗan, ba masu tsadar suna ba, jiha ta saye su a sari kai tsaye daga kamfani, duk ɗan kasuwar Kwari ya san farashin dila daban da na yadi. A ajiye su a asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa, duk wanda ya haura 60 ya karɓi na wata guda, a dena sa tsoho hawa mota zuwa birni saboda ƙwaya 30. Idan babu a asibiti, kemis mai rajista ya bashi, hukuma ta biya cikin wata, in ta wuce ta biya da tara. Kuma a bar ma'aikaci cikin inshora bayan ritaya, a cire ɗan wani abu daga fanshonsa in ya kama.

Masu neman ƙuri'a in sun zo da atamfa da taliya, ku tambaye su nawa suka sa wa maganin tsofaffi a kasafin bana.