Bakano, Bazazzagi da Ledi a Ƙasar Tafkuna

Bakano ɗan Kantin Kwari ya je Manchesta ganin likitan ido, ya sauka a ɗakin abokin wasansa Bazazzagi, wanda ya shekara huɗu a can yana fama da digiri na uku. Wata Asabar cikin Afrilu suka hau jirgin ƙasa zuwa yankin tafkuna da duwatsu da Turawa ke kira Lake District, a arewa maso yammacin Ingila. Su uku ne. Ta ukun ƙafarta huɗu, an sa mata 'yar jar rigar ruwa.

BAKANO: Tun daga Manchesta na kame bakina saboda idon Turawa. Yanzu mun sauka, tsakaninka da Allah, karatun da ka ce wa mutanen Zariya kana yi, na kiwon kare ne?

BAZAZZAGI: Na tsohuwar da nake haya a gidanta ne. Santsi ya kwashe ta a banɗaki ta goce ƙugu, shi ne nake fita da Ledi ya miƙe ƙafa.

BAKANO: Ledi "ya" miƙe ƙafa? Ku Zage-zagi har a tashi duniya ba za ku raba mace da namiji ba. Karya ce.

BAZAZZAGI: Ni kake ƙaryatawa, bawana? A ƙasar mutane?

BAKANO: Karya na ce, macen kare! Ni aka kawo ganin likitan ido, ashe kai na kunne kake nema. Nawa ka biya mata kuɗin jirgi?

BAZAZZAGI: Ko sisi. A nan fasinja na iya shiga da kare har biyu kyauta.

BAKANO: Ni Alhaji guda, mai shago uku, an caje ni, ita ta zo a ɓagas. To madalla. Wane gari ne wannan?

BAZAZZAGI: Windermere.

BAKANO: Windo miya? Miyar taga ke nan. Allah Ya sa da tuwo.

Suka tsallaka titi suka kama wata siririyar hanya mai hawa cikin itatuwa, Ledi na gaba tana jan igiya, Bazazzagi na biye, Bakano na can baya yana tattare babbar riga.

BAKANO: Ina muka nufa?

BAZAZZAGI: Saman wani tudu, Orrest Head.

BAKANO: Me ake sayarwa a can?

BAZAZZAGI: Ba komai. Kallo ake yi.

BAKANO: In an gama kallon fa?

BAZAZZAGI: A sauko.

BAKANO: Inna lillahi! A gindin Dala aka haife ni, ban taɓa hawa ba, don ba wanda nake bi bashi a can sama. Yau ga ni ina bin wutsiyar karya.

BAZAZZAGI: Raki dai, Kanawa! Wannan mita 238 ne kacal. Da Scafell Pike na kai ka, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Ingila, mita 978, da sai an sauko da kai a makara. Mu da muka tashi muna tsere a Kufena...

BAKANO: To mai Kufena, me ya sa kake haki kamar tsohuwar Vespa?

Da suka kai ƙoli, sai bakin Bakano ya mutu. A gaskiya wurin ya isa ya kashe bakin kowa: tafki shimfiɗe a ƙasa kamar an warware bandir ɗin shadda, ƙananan jiragen ruwa farare a kai, filaye kore shar an yayyanka su da katangun dutse, duwatsu a can nesa hazo ya naɗa musu rawani.

BAKANO: Tsarki ya tabbata ga Allah.

BAZAZZAGI: Ka gani ko? Tsawonsa ya haura mil 10. Duk Ingila babu tafkin Allah da ya kai shi girma.

BAKANO: Nawa suke sa fuloti a nan?

BAZAZZAGI: Ka ji ɗan kasuwa! Tun 1951 aka keɓe yankin nan, a 2017 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya. Ko kaji za ka gina wa ɗaki sai ka sha tambayoyi.

BAKANO: Ruwa har haka, ba albasa, ba tumatur ko kwando ɗaya! A ba mutanen Kura da Kadawa shekara guda, ka ga yadda ake cin amfanin tafki.

BAZAZZAGI: Wa zai yi ban ruwa inda sama ba ta hutawa? Akwai wani ƙauye, Seathwaite, ruwan da ake yi masa a shekara ya haura mita 3. Ya fi damina ukun Kano a haɗe.

BAKANO: Shi ya sa karya ta samu rigar ruwa, ni baƙonka ka bar ni da shadda.

Suka gangara ta bayan tudun, suka shiga wani fili cike da tumaki. Bazazzagi ya naɗe igiya a hannu har Ledi ta dawo jikin ƙafarsa.

BAKANO: Sake ta mana ta yi gudu. Ba miƙe ƙafa ta zo yi ba?

BAZAZZAGI: Rufa min asiri. Lokacin haihuwar tumaki ne. A filayen kiwon da aka buɗe wa jama'a, daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Yuli igiyar kare ba ta wuce mita 2. In ta fafari tunkiya, doka ta ba manomi hurumin ya bindige ta in ba yadda zai yi.

BAKANO: Ai fa, na fara ganin mai hankali a ƙasar nan. Amma tsaya, uwa furfura, ɗa baƙi wuluk. Anya ba a yi musanye ba?

BAZAZZAGI: Irinsu ke nan, Herdwick. Baƙaƙe ake haifarsu, suna girma suna yin toka-toka. A kan duwatsu sakinsu ake yi ba makiyayi ba shinge, kowace ta san iyakar wurin kiwonta, a wurin uwarta ta koya.

BAKANO: Ba makiyayi? Rago irin wancan? Saura wata nawa babbar Sallah?

BAZAZZAGI: In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Ɗauke idonka, Alhaji.

Ana haka Ledi ta zagaya sau biyu, ta tsuguna a gefen hanya. Bazazzagi ya zaro baƙar leda daga aljihu, ya zura hannu ciki kamar safa, ya sunkuya.

BAKANO: La'ilaha illallahu! Malam! Jikan malaman Zazzau! Me nake gani?

BAZAZZAGI: Ledar Ledi ce. In ka bar shi a hanya aka kama ka, tara tana kai fam 100.

BAKANO: Kuma a aljihu za ka sa?

BAZAZZAGI: Har sai mun samu kwandon shara.

BAKANO: Matsa can, kar ta lashe ni, da alwalata.

BAZAZZAGI: Ka koma makarantar zaure. A wurin Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne. Ƙwaryar da ya sa baki ake wankewa sau bakwai.

BAKANO: Fatawar mai leda a aljihu! Wallahi ko nawa za a ba ni... Af, wai biyanka take yi ne?

BAZAZZAGI: Fam 15 duk awa.

BAKANO: Duk wata?

BAZAZZAGI: Awa. Yau tun bakwai na safe agogo ke tafiya.

Bakano ya ciro waya, ya danna, ya goge, ya sake dannawa. Ya dubi Ledi wani irin kallo da bai yi mata ba tun safe.

BAKANO: Mutum ɗaya kare nawa zai iya riƙewa?

BAZAZZAGI: Na ga mai huɗu.

BAKANO: Huɗu sau 15... Kawo igiyar nan, ka gaji. Hajiya Ledi, sannu da hanya. Ƙafa dai ba ta ciwo ko? Akwai sauran leda?

BAZAZZAGI: Ga ta. Ɗan ɗago ta sama. Yawwa. Juyo ta wajen tafki.

BAKANO: Me ka yi yanzu?

BAZAZZAGI: Hoto. Zauren WhatsApp na 'yan Kwari zan tura. "Kano ta Dabo, ko da me ka zo an fi ka, har da kwasar kashin kare."

BAKANO: Haba ɗan'uwa! Ni da kai? Goge, fam 5.

BAZAZZAGI: Albarka.

BAKANO: Bakwai.

BAZAZZAGI: Fam 20, kuma kai za ka riƙe ledar har tasha.

BAKANO: Goma, igiya tawa, leda taka. Sallama, kafin Hajiya ta sake tsugunawa.