Janar a fanshe shi da janar, ɗan talaka kuma sai uwarsa

Tun daren jiya maganar nan take cina. Malam, kai da ka miƙe a majalisa kana cewa George Washington, kwamandan sojojin Amurka a yaƙin neman 'yancin kai daga Ingila, ya yi daidai da ya ƙi musayar fursunoni a 1782, wai lissafin yaƙi ne, da kai nake. Ban yarda ba, ko sau nawa za a maimaita min.

Na san hujjar. Sojan Ingila horarre ne, in ka sake shi gobe zai ɗauki bindiga, su kuwa Amurkawan da ke tsare a jiragen ruwa na gaɓar Brooklyn, a New York, yawancinsu matuƙa ne na jiragen 'yan kasuwa masu farautar jiragen Ingila, ba sojan gwamnati ba. Na ji. Na kuma san Ingila ce ta cusa su a cikin jirgin Jersey, tana kiransu 'yan tawaye, kuma alhakin farko a wuyanta yake. To amma me ya sa lissafin nan bai taɓa hawa kan manya ba?

An kama Janar Charles Lee na Amurka a ƙarshen 1776, aka fanshe shi da Janar Richard Prescott na Ingila a 1778. Henry Laurens, tsohon shugaban majalisar Amurka, yana tsare a Hasumiyar Landan, aka yi musayarsa da Janar Cornwallis na Ingila, wanda ya miƙa wuya a Yorktown. Hafsoshi da yawa alkawari kawai suka yi cewa ba za su gudu ba, aka bar su suna kwana a gidajen mutane a Long Island. Kurtu da matuƙi fa? Suna ƙarƙashin jirgi cikin duhu da ɗoyi, ga agana, ga atuni, ga yunwa, kullum safiya a fito da gawa a turbuɗe a yashin bakin ruwa. An ƙiyasta mutum 11,500 suka mutu a jiragen nan, fiye da waɗanda aka kashe a fagen daga. Kowane ɗaya akwai gidan da ake jiransa.

Kada ka ce min yaƙi ya gaji haka. Yaƙin ne bai gaji haka ga janar ba?

Wallahi duk sanda na tuna Elizabeth Jackson sai jikina ya yi sanyi. Bazawara ce, mijinta ya rasu tun kafin ta haifi autanta. Babban ɗanta Hugh ya mutu a 1779 bayan wani gumurzu. A 1781 aka kama sauran biyun, Robert da Andrew, aka kulle a kurkukun Ingila da ke garin Camden, Andrew yana da shekara 14. Ba wani babba da ya tuna da su. Ita ta tashi ta je ta yi ta roƙo har aka saka su cikin wata musaya. Ta same su agana ta kama su. Robert ba ya iya tsayuwa, aka ɗora shi a doki, Andrew ya biyo su a ƙasa ba takalmi, tafiyar kusan mil 40. Kwana biyu da isa gida Robert ya cika. Da Andrew ya farfaɗo, sai ta sake ɗaura ɗamara ta nufi Charleston jinyar fursunonin da ke jiragen can, har da 'ya'yan 'yar'uwarta. Can ta ɗauko cutar da ta yi ajalinta. Yaron nan ya girma ya zama shugaban Amurka na bakwai, amma har ya mutu bai gano kabarin uwarsa ba.

Wannan ne kake kira lissafi? Ina aka lissafa ta? Mun san labarinta ne don ɗanta ya yi mulki. Sauran iyaye dubbai ko sunansu ba a rubuta ba.

Aganar nan ma ta tuna min da kakata, Allah ya jiƙanta. Fuskarta duk zanzana ce. Muna yara mukan sa yatsa muna ƙirga ramukan, ita kuma tana ba mu labarin yadda aka keɓe su a bukka bayan gari, ana ajiye musu kunu daga nesa. Sai a 1980 aka sanar da kawar da cutar daga duniya, yaran yanzu ko sunanta ba su sani ba.