Hayaƙin Da Muka Saba Da Shi Yana Rage Mana Kwana

'Yan uwana matasa, da an ɗauko zancen hayaƙi da ɗumamar yanayi sai yawancinmu mu taɓe baki, mu ce wannan rigimar Turawa ce da masu manyan masana'antu. Da gaskiyarmu ta wani ɓangaren. Iskar kabon da Afirka kaf take fitarwa ba ta kai kashi 4 cikin 100 na ta duniya ba, China da Amurka ne a sahun gaba. Sai dai hayaƙin da ya fi yi mana illa a yau ba daga can yake tasowa ba. Daga madafin gidanmu yake fitowa, da bayan tagar ɗakinmu.

Matsakaicin tsawon rai a Najeriya yana wajen shekara 54, na Japan kuwa ya kai 84. Ba wai kowa na cika 54 sai ya faɗi ba. Yawan yaran da ke rasuwa kafin su kai shekara 5 ne yake jan wannan lissafi zuwa ƙasa, kuma limoniya na cikin manyan masu ɗauke su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki na cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, kuma kusan rabin ƙananan yaran da limoniya ke kashewa, shaƙar wannan hayaƙin ne silar ciwon.

Ka leƙa madafi da yamma ka gani da idonka. Umma ta durƙusa gaban murhu mai duwatsu uku tana hura ɗanyen itace, idanunta sun kaɗa sun yi ja, ƙaninka na goye a bayanta. Dubi bango da jinka yadda suka yi baƙi ƙirin. Abin da ya manne a bangon nan shi ne ke shiga huhunta safe da yamma, shekara da shekaru. In tari ya kama ta sai mu ce sanyi ne, ko tsufa. Mafi yawan zafin wutar ma a gefen tukunya yake zurarewa a banza, an sayi itace da tsada an kuma sayi ciwo.

Kada wani ya ɗauka ina cewa mu guji makamashi. Talaucin wuta shi ma kisa yake yi: allurar rigakafi ta lalace don firji ya mutu, ungozoma ta karɓi haihuwa da fitilar waya. Ƙasashen da mutanensu suka yi tsawon rai da wadatar lantarki suka kai can. Muna buƙatar ƙarin wuta, mai tsabta, tare da iya tattalinta. Samar da ita nauyin gwamnati ne, kuma mu ci gaba da tambayar masu zuwa neman ƙuri'a. Amma tattali a hannunmu yake.

Na san tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, rayuwa ta yi tsada, gidaje da dama sun ajiye tukunyar gas sun koma gawayi da itace. To ko a hakan akwai dabara. Murhun zamani mai tattali, irin Mai Sauƙi da aka daɗe ana ƙerawa a Nijar, ko Save80 da ake samu a arewacin Najeriya, yana dafa tuwo da 'yan ƙirare kaɗan, hayaƙinsa ma bai kai na duwatsu uku ba. Kai da kake canja waya duk shekara, kake zuba kuɗi a data kana kallon abin da ba zai amfane ka ba, ka taɓa tambayar kuɗin murhu ɗaya? Abin kunya ne saurayi ya yi gayu da ƙamshin turare alhali mahaifiyarsa na shaƙar hayaƙi don ta ciyar da shi. Masu walda da maƙera kuma, ga sana'a nan a gabanku.

Sauran ba su da wuya. A busar da itace, a rufe tukunya, a jiƙa wake tun dare, a yi girki inda iska ke ratsawa, a sauke goyo a nesa da wuta. Ƙwan fitila na LED mai wat 9 yana ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60. Mai adaidaita sahu ya riƙa gyara injinsa a kan kari, don shi ne farkon mai shaƙar abin da salansa ke fitarwa. A daina ƙona taya da leda a cikin unguwa.

Sai janareta, wanda nasa kisan ba ya jiran shekaru. Sau nawa muka ji an wayi gari iyali guda sun rasu a ɗaki, saboda an shigo da inji baranda don gudun ɓarayi ko ruwan sama? Gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da launi, ba ta da wari, mai barci ba ya farkawa ballantana ya nemi taimako. Haka kaskon gawayi yake yi a ɗakin da aka toshe lokacin hunturu. Sai a ce kwana ne ya ƙare. Haka ne, rai na Allah ne, amma an hore mu da kiyaye sababi. Inji ya zauna a fili, nesa da taga da ƙofa, kasko kuma a fitar da shi kafin a kwanta. In kuka ga mutanen ɗaki ɗaya suna fama da ciwon kai da jiri da amai a lokaci guda, ga inji ko gawayi na ci a kusa, kada a tsaya neman mai ruƙiyya. A fito da kowa waje, a buɗe tagogi, a kashe injin, a garzaya asibiti ko da sun ce sun ji sauƙi.