Lojik a teburin mai shayi

Ɗan Boko: Mai shayi haɗa min mai kauri, indomi biyu da ƙwai, gobe muna da tes ɗin lojik a GST, darasin gama-gari na jami'a, wallahi tun la'asar nake fama da tambayoyin gwaji kaina har hayaƙi yake.

Mai Shayi: Lojik kuma? Sabuwar taliya ce?

Malam: Manɗiƙi yake nufi. Mu a zaure muka sha shi. Shehu Magili da ya zo Kano zamanin Rumfa har baitoci ya aika wa Suyuɗi yana kare ilimin nan, ku sai da aka sa masa kwat kuka ɗauka sabo ne.

Ɗan Boko: Ai Malam Aristotal ne ya tsara shi, mutumin Girka. Magana biyu za ka ajiye, ta uku ta faɗo da kanta. Duk mutum mai mutuwa ne, Sokratis mutum ne, don haka Sokratis zai mutu.

Mai Shayi: Assha, Allah ya ba shi lafiya. Ɗan wace unguwa ne?

Ɗan Boko: Kai dalla, mutumin da ya mutu sama da shekara 2,400. Ga tambaya ta 7. Duk bunsuru yana da gemu, Malam yana da gemu, don haka...

Malam: Ƙarasa mana ɗan nan. Mai shayi miƙo min sandata tukunna.

Ɗan Boko: A'a Malam Allah ya huci zuciyarka, ai irin wadda ake so mu gano kuskurenta ce! Bari na zana. Ka ga wannan babban da'irar masu gemu ce, ga bunsuru a ciki nan gefe, ga ka can ɗaya gefen, gemun ne kawai ya tara ku amma ko taɓa juna ba ku yi ba.

Malam: Hmm. Matsar da ni dai, na yi kusa da shi da yawa.

Mai Shayi: Tsaya tsaya, wannan takardar da kake ta zane da kibiyoyi a kai, a ina ka samo ta?

Ɗan Boko: Nan na yaga a wani tsohon littafi kusa da gwangwanin madara.

Mai Shayi: Innalillahi! Littafin bashina ne fa!

Ɗan Boko: To kwantar da hankalinka mu bi a ilimance. Duk wanda kake bi bashi sunansa na cikin littafin nan, haka ne?

Mai Shayi: Haka ne.

Ɗan Boko: Duba, akwai sunana?

Mai Shayi: Yo ina zai kasance ka yage shi!

Ɗan Boko: Don haka ba ka bi na ko sisi. Ƙara min suga.

Malam: Ƙarya kake yaro, tsarin ya yi daidai amma tubalin farko ka rushe shi da hannunka, kuma hujjar da aka ɗora kan ƙarya ba ta tsayuwa. Juya takardar nan mu gani.

Mai Shayi: Yauwa Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ga shi nan, Ɗan Boko dubu huɗu da ɗari uku. Au, ga wani a ƙasa ma, Malam, dubu bakwai, tun azumi.

Malam: Kawo takardar nan. Da na sake nazari, yaron nan hujjarsa ta inganta.